Me za mu kira odar mota mai iska? Ni dai na tsaya a kan ƙahon zuga

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram. Kalma ɗaya nake nema. Makon jiya na kai motata gareji a Sabon Gari don a sa mata odar nan mai ƙarfi irin ta manyan motoci, wadda iska ke busawa. Na ce wa bakanike oda, ya ɗauko mini 'yar ƙaramar nan mai kama da faifai. Na ce kilakson, ya ce ai ita ce wannan. Sai da na nuna wata kamyo da ke tsaye a bakin hanya na ce "irin ta waccan", sannan ya shiga ciki ya fito da bututu biyu da ɗan inji. Abu yana hannunmu, ana saye ana sayarwa, amma sunansa "irin ta waccan". Tun ranar abin yake damuna.

Abin da ya sa nake son ta, hanyar Agadas nake bi, kilomita sama da 400. Bayan Tanut raƙuma su hau kwalta su tsaya, direban kamyo kuma yana gabanka cikin rugugin injinsa, ka danna ƙaramar oda har yatsa ya gaji bai san da kai ba.

Kalmomin da muke da su duk na gama-gari ne. Kilakson mun gaje ta daga Faransawa, waɗanda hedikwatarsu take nan garin har 1926, su ma aro suka yi, don Klaxon sunan kayan wani kamfani ne na Amurka tun 1908. 'Yan uwanmu na Kano da Daura suna cewa oda ko ham. Babu wadda ta raba mai lantarki da mai iska a cikinsu, alhali ba abu ɗaya ba ne.

Wani ƙanena ya fara amsawa: "Yaya, ai a bayyane yake, kakakin mota. Dogon bututun ƙarfe ne, busa shi ake, kuma ana jin sa daga nesa." Kamannin sun yi, na yarda. Amma da na kai maganar wurin Baba a Birni, bai bari na ƙarasa ba. Ya ce, "Kai yaro, kakaki na fada ne. In ka ji shi, Sarkin Damagaram ne ya fito. Ba za ka ɗauki abin da ake busa wa sarki ka ba wanda zai kori awaki da shi ba." Na ce gaskiya ne Baba. Ga kuma kakakin majalisa da kakakin gwamnati da muke ji kullum a rediyo. Kalmar ta riga ta ɗauki kaya biyu, na uku zai yi mata yawa. Farai ma na fada ne, ya fita ta wannan ƙofar.

Jiniya ba ta yi ba, ta motar asibiti ce da ta 'yan kwana-kwana.

Wata malamar makaranta ta kawo ƙahon iska, kuma nan na daɗe. Rabin farko ya zauna daram. Tun kafin mota ta zo ƙasar nan muna busa ƙaho: ƙahon gwanki da ake hudawa a gefe, maharba su busa a daji, a busa wa manoma ranar gayya. Aikinsa ke nan tun asali, kira daga nesa, kuma ba na sarauta ba ne, na kowa ne. Rabin na biyu ne matsala. Malama, ki faɗe shi da baki ki ji: ƙahon iska. Kunnen Bahaushe zai ajiye shi kusa da maganar iska da aikin iska. In ka shiga shago ka ce a ba ka ƙahon iska, mai shago zai zaci zagin kayansa kake. Wani ma sai ya tuna da iskokin bori.

Abin da ya warware mini shi ne tsayawa kan bakanike yana aiki. Ƙaramar oda, maganaɗisun lantarki ne ke kaɗa wani ɗan faifan ƙarfe, shi ke nan. Wannan kuwa sai an tura mata iska. Ɗan injin da suke kira kwamfaresa yana zuƙo iska ya cusa ta cikin tiyo, iskar ta bugi wani siririn faifai a gindin bututu, faifan ya yi ta karkarwa, bututun ya buɗe ƙarar. Dogon bututu murya mai kauri, gajere siririya, shi ya sa ake haɗa biyu. Kafin ya ɗaura, ya taɓa waya a kan batir don gwaji. Na ga tiyon ya kumbura ya miƙe kamar jijiya kafin ƙarar ta fito, yaron garejin ya saki sifana ya toshe kunnuwa. Nan take na tuna maƙera: yaro zaune yana danna zuga-zugi, iska tana bin bututu zuwa wuta. Kwamfaresa zuga-zugi ne, ba wani abu ba. Saboda haka na ce ƙaho mai zuga-zugi, a taƙaice ƙahon zuga.

Ina son sunan ne don yana gaya wa mai saye gaskiyar abin da ya saya. Wanda ya ji zuga ya san akwai inji, inji kuma yana cin wuta. Kamyo ba ta da wannan damuwa, tana da tankin iska na birki, daga nan take ɗiba. Ƙaramar mota mai batir na volt 12 dole a sa mata kwamfaresa, kuma wutar da yake ja ta fi ƙarfin siririyar wayar da ke zuwa maɓallin sitiyari. Sai an ja waya mai kauri daga batir, a sa fiyus kusa da shi, a sa rile, wato ɗan makunnin da ke ɗaukar wutar mai ƙarfi, maɓallin ya zama umarni kawai yake bayarwa. Shekarun baya wani bakanike ya haɗa wa tsohuwar motata kai tsaye ba rile. Kwana kaɗan muka ji ƙaurin roba, maɓallin ya narke muna tsakiyar hanyar Matamai. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, don da iyalina nake tafe.

Wani direban kabu-kabu ya ce, "Alhaji, zuga ai ingiza mutum ce, kamar a zuga ka ka yi faɗa." Haka ne, kuma ban ga laifin hakan ba. Wanda aka danna wa wannan abu a bayansa cikin cunkoson kasuwar Dole ya san yana zuga zuciya. Ƙarar ta kai ta cutar da kunnen wanda ke tsaye kusa, balle tsoho ko jariri a goye. Shi ya sa na bar ƙaramar odata a wurinta, na sa aka yi wa sabon maɓallinsa daban: oda a cikin gari, ƙaho sai na wuce shingen fita.

Jam'insa ƙahonin zuga, aikinsa busawa: "busa masa ƙaho ya ba ka hanya." Jiya na koma garejin a ƙara ɗaure tiyo, na ce wa bakanike ya duba mini ƙahon zuga. Ya ɗan tsaya, ya maimaita kalmar a bakinsa, sannan ya ce wa yaronsa, "Buɗe gaba, duba zuga-zugin ko yana yoyon iska."