A cike kududdufan Kano ko a gyara su?

Duba-gari: Ana cewa a yi aikin gayya a gyara kududdufan cikin birni domin kwaɗi da tsuntsaye. Ni dai a ganina kududdufi gidan sauro ne da tsargiya, cike shi da ƙasa ya fi.

Malama: Malam, wane sauron? Mai kawo zazzaɓin cizon sauro ya fi son ɗan ruwa marar zurfi da rana ke duka, kamar sawun taya ko na kofaton saniya. Daga ƙwai zuwa tashinsa kwana 7 zuwa 10 ne, kafin wani abin da zai cinye shi ya iso. A kududdufi mai rai kuwa, 'ya'yan mazari da ƙwarin ruwa na farautar tsutsarsa. Wanda ya koma juji, ruwan ya yi baƙi yana wari, maharban sun mutu, sauron kwata ne ya fi jure masa.

Duba-gari: To kwaɗin fa? Talibambam gansakuka yake ci, ba tsutsar sauro ba.

Malama: Wannan gaskiyarka. Manyan kwaɗi ne ke cin ƙwari da dare, balbela da zalɓe kuma su ci su.

Injiniya: Ku tuna ramukan nan ƙasar ginin gidaje da ganuwa aka haƙa a cikinsu, su ke shanye ruwan damina. In an cike, ruwan Agusta tsakar gidajen mutane zai nufa. Gyaran ma da tsari. A fara da toshe kwatamin da ke zuba ciki, in ba haka ba aikin banza ne. A mashigar ruwan sama a haƙa ɗan rami mai tare yashi, a sa raga ta kama leda. Yasar laka sai Maris ko Afrilu da ruwa ya ja, kuma kashi ɗaya cikin uku na laka za a kwashe a shekara, don halittun da suka ɓuya a ciki su tsira. Bakin kududdufin ya zama gangare mai sauƙi: kowace mita 1 ta zurfi, mita 4 ta faɗi. Baki mai tsayuwa kamar rijiya shi ke cin yara, ƙananan kwaɗi ma ba sa iya fita.

Malama: Kainuwa kada ta rufe fiye da sulusin ruwan, akwai sauron da tsutsarsa ke maƙale wa saiwarta. Abin da aka tsamo a bar shi a baki kwana ɗaya, ƙwarin su koma ruwa. Kuma don Allah kada a zuba tarwaɗa. Talibambam da ƙananan kwaɗi take cinyewa.

Duba-gari: Hajiya, tsargiyar ba ku taɓa ta ba. Katantanwar da ke ɗauke da ita a ciyawar bakin take zaune. Yaro ɗaya mai cutar ya yi fitsari a ciki, ta kama masu wanka. Masu gayyar ma sai da takalmin roba da safar hannu. Wa zai hana yara iyo ranar da 'yan gayya suka watse, mai unguwa ko ku?