Yaran Jos da yaran Abuja: rigimar "ajebo" a zauren gidanmu

Maman Walid (Rikkos): Assalamu alaikum 'yan uwa. Abin nan ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar, gara in faɗa in huta. Yara shida na kwasa zuwa Wildlife Park, wurin namun dajin nan na Jos, nawa uku da na baƙin hutu uku. Tun asuba nake kicin, na soya dankalin turawa da ƙwai, na dama kunun gyaɗa na zuba a fulas, na yi shatar keke biyu. Muna shiga nawa suka ruga wajen birrai, har sai da na riƙa ƙwala musu kira. Su kuwa waɗancan, ba mu yi nisa ba ɗaya ya tsuguna wai ƙafarsa na ciwo. Ƙaramar ta riƙe mini zani tana ta "Anti ba ni wayarki". Ga jimina tsaye a gabanta ta miƙo wuya, ita katun take so. Ni dai na ce yaron da aka bari ya yi wasan ƙasa, ya yi langa da ɓuya, ya fi na waya lafiya da wayo. Mu daina mayar da yaranmu ajebo. Ban kira sunan kowa ba.

Auta: Tofa.

Maman Ilham (Gwarinpa): Wa'alaikumus salam. Matar Yaya, baƙin hutu gida nawa kika yi bana? Mu kaɗai muka zo. 'Ya'yana ne ajebo ke nan. Na gode. Da kin faɗa mini ido da ido ranar da muke loda kaya a mota, da ya fi mini wannan.

Maman Walid: Ni ban ce naki ba. Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as.

Maman Ilham: To na tsargu, da ni ake. Amma ki gaya mini mene ne ajebo. Yaron da yake tashi ƙarfe biyar, ya shiga motar makaranta shida da rabi saboda cunkoso, ya dawo ƙarfe huɗu ya wuce Islamiyya har magariba, shi ne ajebo? Ilham tana izu uku yanzu.

Kawu na Bukuru: Ajebo ba zagi ba ne, 'yata. Asalinsa wanda ya tashi da bota a burodi. Mu da muka tashi da ɗumame da ruwan bunu, da mun samu ai da mun ci.

Amarya: Ku yi haƙuri in sa baki. Wannan kalmar ma fa ba Hausa ba ce. A Kano ɗan gata muke cewa, kuma kowa yana so a ce ɗansa ɗan gata ne. Da Anti ta ce 'yan gata da babu wanda zai ji haushi.

Auta: An fara. Amarya, watanki nawa a Jos har za ki gyara mana baki? Mu nan ajebo muke cewa, mai keke ya gane, mai kayan miya a Farin Gada ya gane.

Amarya: Ku da kuke ce wa mace "ya zo"?

Auta: Amma da kika zo neman rigar sanyi a Terminus da wannan Hausar tamu aka yi miki ciniki, har aka rage miki kuɗi.

Goggo (Auta ke rubuta mata): Ku gaya wa yaran nan gata daban, sangarta daban. Gata shi ne a ci da kai, a tufatar da kai, a sa ka makaranta. Sangarta kuwa a ce yaro ɗan shekara bakwai bai iya cire takalminsa ba. Ni na goya ubansu Walid na goya uwar Ilham, duk a tsakar gida ɗaya a Gangare suka yi rarrafe, ƙasa sun ci ta sun ƙoshi, babu wanda ya mutu.

Maman Ilham: Goggo, yanzu kuma sangartattu ne? Auta, anya haka Goggo ta faɗa, ko kin ƙara gishiri?

Auta: Wallahi har ragewa na yi.

Anti Nas: Ku tsaya mu koma kan maganar farko, don akwai abin dubawa a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 kan yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Jaririn da bai kai shekara ba kada a ajiye shi gaban waya ko talabijin sam. Ɗan shekara biyu zuwa huɗu kada kallonsa ya wuce awa ɗaya a yini. Sannan daga shekara ɗaya zuwa huɗu ana so yaro ya samu aƙalla awa uku yana motsa jiki a rana, ba lallai a jere ba. Amma wasan ƙasa ma da sharaɗinsa: a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, a yanke farce, a sa takalmi, a ba da maganin tsutsar ciki idan lokacinsa ya yi. Kowannenku yana da gaskiya ta wani ɓangaren.

Kawu na Bukuru: Ke Nas, Turawan da suka ƙera wayar su ne kuma za su ce kar a kalla?

Maman Ilham: Ni ba waya ce ta dame ni ba, kalmar ce. A janye ta. Kuma tunda ana maganar sakin yara a titi, an manta yaran Kano tara da aka sace aka gano su a Anambra a 2019? Wasu daga ƙofar gida aka ɗauke su. Ni a rukunin gidajenmu maƙwabcina ma ban san sunansa ba, wa zan sakar wa yaro? In kulle ɗana shi ne ajebo, na karɓa.

Maman Walid: Wa ya ce titi? Layinmu kowa ya san ɗan kowa. Walid ya wuce shagon mai gyaran rediyo, kafin ya kai kwana an kira ni. Kuma "sakin yara" da kika ce, nawa ne sakakku ke nan?

Auta: Ɗaya da ɗaya. A ci gaba.

Maman Ilham: Ban kira sunan kowa ba.

Kawu na Bukuru: Maganar wurin namun dajin nan ma, ni tun da zaki ya kuɓuce a 2015 ban sake kai jikokina ba. Garin nan kaf babu wanda bai ji tsoro ba ranar, sai da aka harbe shi hankali ya kwanta.

Auta: Kawu, wuri tun 1972 yake nan, zamanin Gwamna Gomwalk, rana ɗaya tal ka riƙe. Ka ce dai kuɗin keke ne ba ka son biya.

Kawu na Bukuru: Zan zo gidan in same ki.

Yaya Babba (Kubwa): Ana magana kamar Abuja babu wajen wasa. Millennium Park tun 2003 aka buɗe shi, Sarauniyar Ingila da kanta ta zo. Ga gidan namun daji na yara a Asokoro, ga bakin tafkin Jabi. Duk ƙarshen wata ina kai nawa.

Auta: Yaya, hoton da ka sa mana na ƙarshe daga Jabi kowane yaro kansa a sunkuye yake kan waya, har da kai.

Maman Ilham: Kuma a yi adalci. Yaran nan kwana biyu kafin nan suka sha zaman mota ta Akwanga da Hawan Kibo, ga sanyin Jos da ba su saba ba, Ilham da mura ta tashi. An sa su tafiyar ƙasa a wuri mai hawa da gangara, dole su gaji. Naku su zo Abuja a watan Maris mu ga ko za su yi langa da tsakar rana.

Maman Walid: Su zo ina? Shekara nawa ana cewa za a turo mota a ɗauke su hutu? Kullum mu ne masu karɓar baƙi. Na bar musu ɗakina, na dafa ruwan wanka tukunya biyu kowace safiya, ban ji an ce sannu ba.

Maman Ilham: Au, ashe nan aka dosa. To buhun shinkafa da katan ɗin taliya da muka sauke, su ma ajebo ne?

Goggo (Auta ke rubuta mata): Kai! Abin da aka ci ba a gori a kansa. Ina Baban Walid? Yana gani ya yi shiru.

Baban Walid: Goggo ina wurin aiki, caji ya kusa ƙarewa. Allah ya shirya mana su baki ɗaya.

Amarya: Amin. Ni dai har yanzu da an ce 'yan gata.

Anti Nas: Akwai wanda ya karanta abin da na rubuta kuwa?

Yaya Babba (Kubwa): To ya isa haka. A matsayina na mai kula da zauren nan, ga abin da aka cimma. Kowa ya yarda kalmar ajebo ba ta dace ba, kuma Amarya ta tabbatar mana ba Hausa ba ce. Nas ta kawo hujjar likitoci cewa wasan ƙasa yana sa tsutsar ciki. Kawu ya tuna mana hatsarin wurin da aka kai yaran. An kuma fahimci cewa yaran Abuja gajiyar hanya ce da sanyi suka dame su, kuma a karatu ba a bar su a baya ba. Maman Walid ta yi ƙoƙari da baƙi, sai dai a riƙa tauna magana. Batun turo mota za a duba shi idan fetur ya sauko. Na rufe zauren zuwa gobe bayan azahar, ni kaɗai zan iya rubutu. Waɗanda ba su turo kuɗin ankon bikin Auta ba, Juma'a ce ranar ƙarshe.