Zare: wane suna za mu ba kundin da kamfanin waƙa ke tara mawaƙansa na gambara a ciki?

Jama'a, assalamu alaikum. Yau kwana uku ke nan wata kalma ta tsaya mini a maƙogwaro. Ina rubuta ɗan bayani da Hausa a kan kamfanonin waƙar hip-hop, sai na iso inda zan ambaci irin kundin nan da kamfani ke fitarwa da sunansa, ya zuba mawaƙansa duka a ciki, babba da yaro. Bature yana ce masa compilation. Na rubuta "tarin waƙoƙi", na goge. Na rubuta "kundin haɗaka", shi ma na goge. Shi ya sa na kawo maganar nan, don mu sa kai tare.

Rabin aikin dai an riga an yi mana shi. Kundi ya zauna daram a matsayin albam, ba wanda zai ji "kundin waƙoƙi" ya tsaya tambaya. Faifai ma yana nan tun zamanin garmaho, sai dai shi abin da ake riƙewa a hannu yake nufi, yanzu kuwa yawancin waƙa ba ta da jiki, a waya take. Gambara ita ma ta karɓu, kafafen labarai suna cewa mawaƙin gambara, kowa ya gane. Abin da ya rage shi ne kalmar da za ta bi bayan kundi, ta faɗa mana wane iri ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne kalmar Turancin da kanta ta yi faɗi da yawa. Idan aka tsinto fitattun waƙoƙin mutum ɗaya na shekara goma aka haɗa, da ita ake kira. Idan wani ya tattara waƙoƙin da suka yi tashe a shekara guda daga kamfanoni daban-daban, ita ce dai. Idan kuma kamfani ya tara 'ya'yansa suka yi sababbin waƙoƙi, nan ma ita ce. Abu uku, suna ɗaya. Ban ga dalilin da zai sa mu kwaso wannan cunkoso mu shigo da shi Hausa ba. Na farkon mu ce masa kundin zaɓaɓɓun waƙoƙi, an wuce wurin. Na ukun ne nake nema wa suna.

Don mu san abin da muke raɗa wa suna, bari mu dube shi da kyau. A 1998 mawaƙin gambara DMX ya fitar da kundi biyu cikin shekara ɗaya, dukansu suka hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka. Sunansa ya cika ko'ina. A watan Afrilun 1999 sai kamfanin da yake ciki, Ruff Ryders, ya saki Ryde or Die Vol. 1, mai ɗauke da shi DMX ɗin, da The LOX, da Drag-On, da wata budurwa 'yar Filadelfiya mai suna Eve, wadda a lokacin ba ta da kundin kanta ko ɗaya. Mutane suka saya saboda DMX, suka dawo suna tambayar wace ce wannan. A watan Satumba na shekarar nata kundin ya fito, shi ma ya hau na ɗaya.

Shekara goma bayan haka Lil Wayne ya bi sawun. We Are Young Money, kundin kamfaninsa na Young Money, ya fito a Disambar 2009. Drake yana ciki, Nicki Minaj tana ciki, kuma dukansu biyun ba su fitar da kundin farko ba tukuna. Na Drake ya zo a Yunin 2010, na Nicki a Nuwamba. Haka Rick Ross ya yi a 2011 da kundin kamfaninsa, Self Made Vol. 1, ya tsayar da Meek Mill da Wale a gefensa, kundin farko na Meek Mill kuwa sai a 2012.

To kun ga manufar. Babban suna ne ke jawo kunne, idan kunne ya zo sai a miƙa shi ga ƙanana. Waƙoƙin ba tsintarsu aka yi ba, galibi don kundin aka yi su, kuma da gangan ake jera su yadda ba za ka iya jin baitin maigida ba sai ka ratsa ta baitin yaronsa.

Ni kaina haka aka kama ni. Na kunna kundin kamfanin Dreamville mai suna Revenge of the Dreamers III ne don maigidan kamfanin, J. Cole, kawai, ina ta wani aiki, abin sauraro a kunne. Can sai wata siririyar murya ta shigo, tana gudu a kan kiɗan kamar ba ta numfashi, tana karya kalma a tsakiya ta ɗinke ta a layi na gaba. Na ajiye abin da ke hannuna, na ja waƙar baya da yatsa, na sake ji, na sake ja. Sannan na taɓa jerin sunayen da ke ƙasan taken don in ga ko wane ne. Ashe JID ne, ɗaya daga cikin mawaƙan kamfanin. Kafin dare na nemo kundayensa na kansa. Abin da kamfanin Dreamville ke so ke nan, kuma ya samu.

Yanzu ga kalmomin da na auna.

"Tarin waƙoƙi" gaskiya ne, amma bai ce komai ba. Kowane kundi tarin waƙoƙi ne. Tari kuma yana ɗauke da ƙamshin abin da aka jibge ba tsari.

"Kundin haɗaka" ya fi shi, kuma na san da yawa a nan za su tsaya. Matsalata da shi ita ce haɗaka tana nuna tsara da tsara. Lokacin da Jay-Z da Kanye West suka yi kundi tare a 2011, wannan haɗaka ce, manya biyu kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ke tallata wani. Idan muka ba wa kundin kamfani wannan suna, me za mu kira irin nasu? Gara mu bar wa haɗaka gurbinta.

"Kundin gida" ya yi mini daɗin baki ƙwarai. Gajere ne, kuma mawaƙan nan da kansu suna ɗaukar kamfaninsu kamar gida, da maigida da yara. Amma na gwada shi a kan mutum biyu, ɗaya ya ɗauka waƙoƙin da ba na ƙasar waje ba nake nufi, ɗayan ya ɗauka wanda aka naɗa a ɗaki ba a situdiyo ba. Kalmar da sai an bi ta da bayani ba ta gama aikinta ba.

Wanda ya fi ba ni wahalar saki shi ne "kundin gayya". Gayya ita ce a kira jama'a su taru a kan aiki ɗaya, kuma akwai kundin da wannan suna ya dace da shi kamar an auna. Shi ne dai wancan na Dreamville. A Janairun 2019 suka aika katin gayyata ga mawaƙa da masu haɗa kiɗa, aka taru a situdiyon Tree Sound da ke Atlanta, aka yi kwana goma ana naɗa, wannan ya fita daga ɗaki wancan ya shiga. Daga cikin ɗimbin abin da aka naɗa aka tace waƙa 18, kundin ya fito a Yuli, ya hau na ɗaya, har ya shiga takarar kyautar Grammy. Har da waɗanda ba 'yan kamfanin ba, irin su DaBaby, sun sa baki. Wannan gayya ce tsantsa. Sai dai gayya tana faɗin yadda aka yi aikin ne, ba ta faɗin dalilin yinsa. Kuma ba kowane irin kundin nan ake yi a zama ɗaya ba. Wani, kowa daga garinsa yake turo baitinsa, mai haɗa kiɗa ya ɗinke. Ga shi kuma ɗan gayya baƙo ne da ya zo taimako, alhali yawancin waɗanda ke cikin kundin kamfani 'yan gida ne masu kwantiragi.

Abin da na tsaya a kai shi ne kundin baje koli.

Koli su ne ƙananan kayan sayarwa, baje su kuwa shi ne a shimfiɗa su a fili, mai wucewa ya gani, ya ɗaga wannan ya ajiye, ya ɗauki wancan. Kalmar ta daɗe da fita daga kasuwa. Muna cewa ɗan wasa ya baje kolin basirarsa, ɗalibai sun baje kolin abin da suka ƙirƙira. Duk mai jin Hausa ya san baje koli nuni ne da ake yi don a gani a zaɓa. Wannan kuwa shi ne ainihin aikin kundin nan: kamfani yana cewa ga abin da nake da shi, ku ɗanɗana kowa, ku gaya mini wanda kuke so in fitar wa kundi gaba.

Har rashin nasararsa ma kalmar ta ɗauka. Ana iya baje koli masu saye su wuce. A 1996 Dr. Dre ya bar kamfanin Death Row ya kafa nasa mai suna Aftermath, a shekarar ya fitar da kundin da ya gabatar da sababbin mawaƙansa. Ya sayu saboda sunan Dre, amma bai tayar da ƙurar da aka zata ba, yawancin waɗanda ke ciki kuma ba su yi nisa ba. Kamfanin bai miƙe sosai ba sai da Eminem ya fito a 1999.

Wata 'yar tunatarwa ga masu rubutu: koli ne, ba ƙoli ba. Ƙoli mai lanƙwasa shi ne na taron ƙoli da kotun ƙoli. Ina yawan ganin ana musanya su.

Na sa shi a jimla don in ji ko zai yi tuntuɓe. "Dreamville sun saki kundin baje kolinsu na uku." "A kundin baje kolin Young Money na fara jin muryarta." "Kundayen baje koli sun yi yawa a ƙarshen shekarun 1990." Bai tsaya mini a harshe ba ko sau ɗaya.

Ƙari, bayan na karanta amsoshinku. Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci.

Wani babban yayanmu, wanda ya daɗe yana koyar da Hausa, ya ce baje koli ya mayar da mawaƙa haja, kuma mutum ba kayan sayarwa ba ne. Malam, wallahi maganarka ta taɓa ni, don ni ma ina ƙaunar mawaƙan nan, ba na son kalmar da za ta rage musu daraja. Amma ina ganin abin da ake bajewa basira ce, ba mutum ba, kamar yadda muke faɗa a kan ɗan wasa ba tare da ya ji an ci zarafinsa ba. Sannan, Allah ya gafarta Malam, ciniki yana cikin lamarin tun asali. Kamfani ya kashe kuɗin situdiyo da talla, yana jiran ya ga wane yaro ne zai dawo masa da su. Idan sunan ya bar wannan a fili, a ganina ya faɗi gaskiya ne. Matashin da ke mafarkin sa hannu da kamfani ya fi amfana da kalmar da ta nuna masa cewa ana auna shi a kundin nan, a kan wadda za ta sa ya ɗauka zumunci ne zalla.

Wata ƙanwata ta ce a bar shi "haɗin gambiza". Ƙanwata, wannan hukunci ne, ba suna ba. Idan kundin baje koli ya lalace, waƙoƙin ba su san juna ba, baiti takwas a kan kiɗa ɗaya kowa yana jan nasa, to a nan za ki ce ya zama haɗin gambiza, kuma zan goya miki baya, don akwai irinsu da yawa. Amma ba za mu raɗa wa abu suna da aibinsa ba.

Ɗan uwan da ya ce mu rubuta "kamfileshan" kawai mu huta, ban ƙi aro ba. Situdiyo da furodusa da kwantiragi duk aro ne, kuma sun zauna lafiya. Ana aro ne idan babu na gida, ko idan bakin mutane ya riga ya kama baƙuwar kalmar. Wannan kuwa ban taɓa jin ta a bakin kowa cikin hirar Hausa ba, kuma ko ta shigo da cunkoson nan nata za ta shigo, abu uku suna ɗaya.

Akwai kuma wanda ya ce kalmar ta yi tsawo. Gaɓa shida ce, ba ta fi "kundin tsarin mulki" ba, kuma idan an riga an san maganar waƙa ake yi, "baje kolin Ruff Ryders" ya isa, ba sai an ce kundi ba.

Mai ba da shawarar kada a jefar da gayya gaba ɗaya, na karɓa hannu biyu. Ta samu wurinta: zaman da ake kiran mawaƙa su kwana a situdiyo suna naɗa, irin na Atlanta, shi ne gayyar naɗi. Abin da ya fito daga gare ta, idan kamfani ne ya sa sunansa a kai don nuna 'ya'yansa, shi ne kundin baje koli. Na koma kan rubutuna na gyara jimlar da ta tsayar da ni, yanzu tana cewa: "A 1999 Ruff Ryders suka fitar da kundin baje kolinsu na farko, a nan mutane da yawa suka fara jin Eve."