Bitamin D: ampul ko na ɗigawa?

Maman Hadiza:
Salama alekum ƴan uwa. An auna min jini likita ya ce bitamin D ɗina ya yi ƙasa, ni dariya ma abin ya ban, duk wannan ranar ta Tawa da ke gasa mutum! Na je farmasi an nuna min ampul (ƴar kwalbar da ake fasawa a sha) ta Uvedose da ZymaD na ɗigawa, maƙwabciyata kuma ta ce ita Stérogyl take sha. Wai duk ba ɗaya ba ne?

Ɗan Adar:
Hajiya ba ɗaya ba ne. Stérogyl nau'in bitamin D2 ne, daga tsiro da yis ake samo shi, su Uvedose da ZymaD kuwa D3 ne, irin wanda fata ke yi in rana ta taɓa ta, yawanci daga man gashin tumaki ake haɗa shi kuma ya fi D2 ɗaga bitamin D a cikin jini ya daɗe. Batun rana kuma, in kullum kina ɗaki ko cikin hijabi har ƙasa ina za ta same ki.

Inna Rabi:
Ni dai ƴata ki kiyayi ampul ɗin nan, guda ɗaya 100.000 UI (ma'aunin ƙarfin bitamin) ce fa, ba ta shan kullum ba ce. Ƙanwata ta ɗauka kamar fanta, kowane sati sai ta fasa guda, ƙarshe amai da ƙishi da yawan fitsari, aka ce kalsiyom ya yi mata yawa. Abin da aka rubuta miki a takarda shi za ki bi.

Ɗan Adar:
Gaskiyar Inna. Kuma ki sha bayan abinci mai maiƙo, ya fi shiga jiki.

Maman Hadiza:
Na gode, ampul ce a takardar, gobe in koma in saya.