Neman shawara: An bar mahaifina makaho a tsaye awa uku, in kai ƙara ko in bar wa Allah?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ni mace ce, a Jos nake, wajen Unguwar Rogo. Mahaifina tsohon malamin firamare ne, ya haura shekara saba'in, kuma shekara shida ke nan da hawan jinin ido ya raba shi da gani. Da sanda yake tafiya, ni ko ƙanena muke masa jagora.

Ranar Litinin ɗin da ta wuce katinsa na cirar kuɗi ya ƙi aiki, aka ce lallai sai ya je banki da kansa. Muka fito da sassafe cikin wannan sanyi. Keke uku suka rage gudu, da sun hangi sanda sai su ƙara wuta, na huɗu ne ya tsaya. Muka isa wani banki a cikin gari, layi har bakin titi. Na je wurin mai gadi na ce, "Bawan Allah, dattijon nan ba ya gani, ƙafarsa ma ba ta jure tsayuwa." Ya ce min, "Hajiya, kowa ma sauri yake yi." Akwai benci guda a gefe, samari huɗu a kai, kowa ya duƙufa kan waya. Na roƙe su su matsa masa. Uku ba su ko ɗago kai ba. Na huɗun ya kalli Baba sama da ƙasa ya ce, "In bara ya zo, ba nan ba ne."

Wallahi Baba farar babbar riga ya saka, wadda ya sa aka goge masa tun dare, da hularsa ta zuwa masallacin Juma'a. Bai ce uffan ba. Sai dai na ji hannunsa da ke kafaɗata ya damƙe ni, yana rawa. Mun yi kusan awa uku a tsaye kafin wata baiwar Allah mai sayar da ayaba ta tsallako titi da 'yar kujerarta ta ce, "Baba, zauna." Da muka koma gida abu ɗaya ya faɗa min: "Daga yau kada ki sake fita da ni."

Wannan maganar ce ta hana ni barci. Ƙanena ya ce akwai doka, mu kai ƙara. Kawunmu ya ce kotu ba ta koya wa mutum tarbiyya, mu bar su da Allah. Ni kuma na rasa tudun dafawa. Shin akwai dokar da gaske? In akwai, a kan wa zan kai ƙara, bankin ko yaron? Kuma a ganinku, daidai ne hukuma ta tilasta wa mutane abin da ya kamata su koya a gidan ubansu?

Maman Biyu, Rikkos:
Wayyo, har hawaye na yi. Allah Ya saka wa Baba, Ya ba mai ayabar nan abin da take nema duniya da lahira. Ki fara da lallashinsa tukuna, 'yar uwa, kada ya kulle kansa a ɗaki.

Lauya, daga Tudun Wada:
Hajiya, ƙanenki ya yi gaskiya. Akwai dokar haramta nuna wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Abin da ya same ku an ambace shi ƙarara a ciki: idan ana layi, mai nakasa ne za a fara saurara, in da hali ma a sallame shi ba tare da ya shiga layin ba. Wanda ya saɓa, tarar naira 50,000 ce ko ɗaurin wata shida, ko a haɗa masa duka. Nuna wariya kuwa, naira 100,000 ko wata shida ga mutum, naira miliyan ɗaya ga kamfani. Dokar ta kuma ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyar shiga, wa'adin da ya cika tun Janairun 2024. Ki zaga gari ki ƙirga matakalan da har yanzu mai keken guragu ba ya iya hawa.

Lauyoyi na muhawara kan iyakar aikin dokar tarayya a cikin jihohi, amma mu a Filato muna da tamu tun 2005, kuma akwai Hukumar Kare Haƙƙin Masu Nakasa ta jiha a nan Jos. Shawarata, kada ki fara da kotu. Rubuta takarda zuwa ga manajan reshen: rana, lokaci, abin da kika faɗa wa mai gadi, da amsar da ya ba ki. Ki yi kwafi biyu, su buga miki hatimin karɓa a ɗaya ki riƙe. Ki kai wani kwafin hukumar jiha. In bankin ya yi biris, Babban Banki yana da sashen karɓar koken abokan hulɗa. Shi kuwa yaron, ba ki san sunansa ba, ba ki da shaida a hannu, bin sa ɓata lokaci ne.

Baffa na Gangare:
'Yata, Allah Ya ba ku haƙuri. Ni ina tare da kawunki, kuma zan faɗa miki dalili, don na ga jiya na ga yau. A 1984, zamanin Buhari da Idiagbon, aka ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a. Da idona na ga layi ya miƙe sambal a tasha, ba mai tsallake wani, saboda soja na tsaye da dorina. Muka ce to, ƙasa ta gyaru. Watan Agustan 1985 gwamnatin ta faɗi, ba a daɗe ba aka koma turereniya kamar ba a taɓa yi ba. Ashe dorinar ake jin tsoro. Mu da muka taso, in ka wuce dattijo da kaya a ka ba ka karɓa masa ba, kafin ka isa gida labari ya riga ka, kuma maƙwabci ma yana da ikon tsawata maka. Wannan ne ya mutu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya iya kallon furfura ya ce mata bara, naira 50,000 ba za ta sa masa kunya a ido ba. Kuma ina tsoron a ba wasu jami'ai sabuwar ƙofar karɓar na goro.

Mai keken guragu, Nasarawa Gwom:
Baffa, da girmanka, ka ba ni dama in saɓa maka. Shan inna ce ta kama ni ina shekara uku, yanzu ina da talatin da huɗu, ina ɗinki, ina da mata da 'ya'ya biyu. Duk tsawon rayuwata jiran tarbiyyar mutane nake yi. Wata rana a dace da mai kirki, wata rana a haɗu da irin yaron nan. Ka san yadda ake ji kuwa, mutum ya fita daga gida bai san ko zai shiga ofis ba sai in Allah Ya haɗa shi da ƙarti biyu masu tausayi da za su ɗaga shi kamar buhun masara, jama'a na kallo? Na taɓa zuwa wani ofis karɓar takarda, tun kafin in buɗe baki wani ya miƙo min naira hamsin. Ya ɗauka alheri ya yi min. Na koma gida ban iya cin abinci ba.

Ba na neman doka ta sa a so ni. So na zuciya ne, ba wanda zai iya. Abin da nake nema, ranar da na haɗu da wanda ba ya da tausayi, ya zamana akwai abin da zan dogara da shi. Mai gadin nan da a ce manajansa ya gaya masa tun ranar da aka ɗauke shi aiki cewa barin makaho a layi zai jawo wa banki tara, da gudu zai buɗe ƙofa, ko yana da tarbiyya ko ba shi da ita. Kuma Baba zai shiga da mutuncinsa, ba sai 'yarsa ta yi ta roƙo ba. Roƙon nan shi ne ciwon, Baffa.

Hajiya, ki kai takardar. Ba don Baba kaɗai ba, akwai wanda zai je gobe ba shi da 'yar da za ta yi masa magana.

Direban keke, Farin Gada:
Hajiya, a yafe mana. Ba zan yi ƙarya ba, ni ma na taɓa wucewa. Mai keke na jiran balas da yamma, mai ya yi tsada, sai ka lissafa mintocin da dattijo zai ɗauka kafin ya hau ya sauka, na baya suna ta danna maka oda. Ba hujja ba ce, lissafin banza ne, kuma yau na ji kunya. Amma in ana son gyara a wurinmu, ƙungiya za a kama. Direba ya fi tsoron a dakatar da shi kwana biyu a tasha fiye da dokar da ke Abuja.

Malam, daga Dilimi:
Wa alaikumus salam. Ban ga saɓani tsakanin Baffa da ɗan uwanmu mai ɗinki ba sai a zahiri. Manzon Allah (SAW) ya ce ba ya cikinmu wanda ba ya jin ƙan ƙaraminmu, ba ya sanin girman babbanmu. Kuma a kan makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, farkon Suratu Abasa ya sauka. Wannan ɓangaren tarbiyya ke nan, kuma nauyinsa na kanmu mu malamai da iyaye. Amma an ruwaito daga Sayyidina Usman cewa Allah Yana hanawa da hukuma abin da ba Ya hanawa da Alƙur'ani. Wato akwai mutanen da wa'azi ba ya ratsa su sai hukunci. Don haka kai ƙara ba rashin tawakkali ba ne, Hajiya. Kina iya yafe wa yaron tsakaninki da Allah, ki kuma nemi bankin ya gyara.

Sista, ma'aikaciyar jinya, Bukuru:
Sannu 'yar uwa. Mu ma a wurinmu, Littafin Firistoci sura 19 ya ce ka miƙe tsaye a gaban mai furfura, kada kuma ka sa wa makaho abin tuntuɓe. Ba addinin da ya yarda da abin da aka yi wa Baba.

Abu ɗaya nake so a kula da shi kafin a ce a ci tarar duk wanda bai tashi daga kujera ba. Ba kowace lalura ake gani da ido ba. Ina ganin matasa masu sikila, jiki kamar lafiya lau, ƙashi kuwa na sara. Ga mai ƙaramin ciki da jiri ke ɗibar ta, ga wanda ya fito daga wankin ƙoda. In aka sa doka a kan kujera, wa zai tantance? Sai mara lafiya ya tona asirin cutarsa a gaban jama'a kafin a bar shi ya zauna? A Landan hukumar sufuri baje na maƙalawa a riga take ba masu irin wannan lalura, mai ɗauke da rubutun roƙon a ba mutum wurin zama, ba tara ba ɗauri. A Brazil kuwa tun 2000 doka ta wajabta wa bankuna da ofisoshin gwamnati su fara sallamar tsofaffi da masu ciki da masu nakasa. Ni a nan na tsaya: a ɗaure ma'aikata da doka, don ita ke da kujeru da ma'aikata da kuɗi. Da bankin ya ware benci ɗaya ya rubuta na dattawa da marasa lafiya ne, da ba a kai ga roƙon samarin ba. Zagin da yaron ya yi kuwa ba shi da uzuri, ko ciwon me yake yi.

Ɗalibi a Ingila:
Ƙari kan maganar Sista. A nan an yi shari'ar wani mai keken guragu, Doug Paulley, da bai samu shiga bas ba a 2012 saboda wata mata ta ƙi janye keken jaririnta daga gurbin da aka ware. Ƙarar kamfanin bas ɗin ya kai, ba ta matar ba. A 2017 Kotun Ƙoli ta ce bai isa direba ya roƙa sau ɗaya ya yi shiru ba, sai ya ƙara matsawa. Shekara biyar yana bin maganar. Ki shirya haƙuri, Anti.

Baffa na Gangare:
Ɗana mai ɗinki, maganarka ta shige ni. Ban taɓa zama inda kake zaune ba. A kan banki na yarda da kai. A kan yaron dai ina nan a kan bakana, gidansu za a koma.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Jiya bayan isha'i na karanta wa Baba amsoshinku ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan ta ɗan uwanmu mai ɗinki ya ce in maimaita, na maimaita. Ya daɗe shiru, sannan ya ce in ɗauko biro da takarda, shi zai faɗa ni in rubuta, don shekara talatin da biyar yana koya wa yara rubuta wasiƙa. Ya ce kada a nemi korar mai gadin, talaka ne mai iyali, a nemi a ware benci da layin dattawa, a kuma koya wa masu gadi. Yaron kuwa ya ce ya yafe masa. Ni dai har yanzu ban iya ba, ku taya ni da addu'a.

Ranar Alhamis za mu kai takardar, kuma ya ce da shi za a je. Barista, don Allah hannunsa zai sa ko dangwale ya isa, tunda ba ya ganin layin? Kai kuma ɗan uwa na Farin Gada, in kana kusa da Unguwar Rogo da ƙarfe takwas na safe, muna neman keke.