Shawarwarin maƙera ga mai son ƙera wuƙaƙe

Da aka zauna da maƙera, kusan bakinsu ɗaya: sabon shiga ya riƙe ƙarfe iri guda, kamar ƙarfen wuƙa mai lamba 1084, har ya san halinsa. Wajen gasa ƙarfe don ya yi tauri suka fi jan magana. A zuga ƙarfen sai maganaɗisu ya daina kama shi, wajen digiri 770 a ma'aunin Celsius, a ƙara wuta kaɗan, a tsoma a mai. Daga nan a mayar da shi tanda a kusan digiri 200, awa biyu, sau biyu. In ba haka ba, wuƙar na faɗuwa ƙasa za ta iya tsagewa.

An yi saɓani kan ko sabon shiga na buƙatar injin goge ƙarfe. Ni dai ina bayan masu cewa magagari ya isa a farko. Game da kasuwa, suka ce kada ka ajiye aikinka sai oda ta fara yi maka yawa.