Me ake kiran abin da marubuci ya sa ba a zamaninsa ba?

Ɗan Kurmi: Assalamu alaikum. Ina rubuta labari ne da na gina a kan Kano ta zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Da na kai wa wani dattijo ya duba mini, sai ya tsaya a inda uwargida ta sauke tuwon masara tana jajjaga barkono da tumatir, ya ce duk ukun daga nahiyar Amurka suka fito, kuma sai a 1492 Kolumbus ya isa can, saboda haka ba su da hanyar shiga tukunyar Bakanuwa a lokacin. Shin irin wannan kuskure yana da suna a wurin manazarta adabi?

Malama Bazazzagiya: Wa'alaikumus salam, Malam. Turawa suna kiransa anakuronizim, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin "baya" da "lokaci". Ni da Hausa nakan ce tuntuɓen zamani, domin tuntuɓe ne da ko gwani yakan yi: Shakespeare, shahararren marubucin Ingila, ya sa agogo ya buga a wasan kwaikwayonsa na Julius Caesar, alhali an kashe shi Kaisar ɗin, shugaban Rum, shekara 44 kafin haihuwar Annabi Isa, fiye da shekara dubu kafin a ƙera agogo mai bugawa.

Almajirin Tarihi: Dattijon ya yi gaskiya, kuma gyaran ba wuya. Ka mayar da tuwon na dawa ko gero, miyar ta kuka da daddawa, yajin kuma kimba da masoro. Amma ka sake duba kasuwarka, domin idan ka sa ana ƙirga wuri a Kurmi ka sake faɗawa, tunda littafin Tarihin Kano ya ce sai a zamanin Sarkin Kano Sharefa, farkon ƙarni na 18, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Goro kam kana iya barinsa, ya riga Rumfa zuwa.

Malama Bazazzagiya: Wanda ya fi ɓoyuwa shi ne na baki. Na taɓa karanta rubutun da bafade yake ce wa sarki "ƙarfe biyu za mu tashi", a garin da ba agogo, inda da hantsi da azahar da la'asar ake auna yini.

Ɗan Kurmi: Na gode ƙwarai. Yanzu na tuna akwai bafaden da na sa ya ce "minti ɗaya" a babi na uku.